Waiwaye: Kashi Na Biyu, 'Yan Kallo Ke Rubuta Shi

Washegarin Ƙaramar Sallar shekarar 2006 ne. Mun dawo daga kallon Hawan Bariki, ƙurar dawakai ta yi wa sababbin kayanmu buɗu-buɗu, sai na ratse wani shagon hayar finafinai da ke kusa da Ƙofar Ƙwaya, na karɓi faifan da na kwana uku ina zarya a kansa. Zamanin marigayi Sarki Muhammadu Kabir Usman ne. Katsina ta cika ta batse da baƙin Sallah, gidanmu na Ƙofar Marusa ma haka. Kawu ya zo daga ƙauye da iyalinsa, Gwaggo ta zo da 'yan matanta biyu, ga kuma amaryar ƙanin Baba wadda ko wata uku ba ta yi a gidan ba, har lokacin ba ta iya haɗa ido da kowa.

Faifan kashi na biyu ne na wani fim ɗin barkwanci, irin wanda ake kira camama. Ba zan kama sunansa ba, don ba shari'ar waɗanda suka yi shi ce ta kawo ni ba. Abin da ya tuno mini da wannan dare shi ne gardamar da nake ji a majalisu da cikin wayoyi duk lokacin da wani shirin ban dariya ya dawo zango na biyu. Wasu su ce ya fi na farko armashi, wasu su ce an zubar da mutunci. Na taɓa zama a tsakiyar irin wannan gardama ina saurayi, kuma abin da na tsinta a cikinta har yau yana yi mini amfani.

Daren da aka kashe inji

Kashi na farko tun kafin azumi muka kalle shi. Labarin wani baƙauye ne da ya shigo birni neman kuɗin aure, ya sami aikin gadi a gidan wani attajiri, komai aka faɗa masa sai ya ɗauke shi a baibai. Aka aike shi sayen katin waya, ya dawo da kwalin karta. Aka ce ya wanke mota, ya kwarara ruwa har kan kujeru. Inna, wadda ba ta cika zaman kallo ba, ta yi dariya har da share hawaye. A duk tsawon fim ɗin wuri ɗaya ne aka ɗan karkace, inda baƙauyen ke ciniki da wata mai sayar da abinci, suka yi musayar magana mai harshen damo. Abin bai wuce minti biyu ba. Manya suka yi murmushi suka kau da kai, yara ko a jikinsu.

Da wannan amanar na ɗauko na biyu. Bayan sallar isha'i aka fito da talabijin tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka ta da janareta, ga cincin da dubulan a faranti. Minti goma na farko an sha dariya. Daga nan mai abincin nan ta bayyana, kuma ba ta sake fita daga fim ɗin ba. Abin da aka yi cikin minti biyu a baya shi aka ja aka miƙe ya zama fim ɗin ɗungurungum. Maganar da a da aka lulluɓe, yanzu an yaye mata mayafi. Aka ƙaro wasu mata biyu, aka ƙaro waƙa, da irin rawar da kyamara ba ta damu da fuskar mai yin ta ba. Zancen kuɗin aure ya bi ruwa, attajirin ma sau ɗaya aka nuno shi.

Kawu ne ya fara gyaran murya, ya ce bari ya kama ruwa, bai dawo ba. Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska. Gwaggo ta aiki 'yan matanta ɗaki su ɗauko mata abin da ba ta da buƙatarsa. Ana cikin haka wani ƙanena ɗan shekara shida ya maimaita wata kalma da ya ji, da ƙarfi, ya juya yana tambayar Baba ma'anarta. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin janareta. Ni ne ɗan farin Inna, ba ta kama sunana. Ko dubana ba ta yi ba ta ce, "Kai, je ka kashe injin nan, mai ya yi tsada." Kowa ya san ba tsadar mai ce ta dame ta ba. Asiri ta rufa mini, ta rufa wa baƙinta, ta sallami taro ba tare da ta ambaci abin da ya watsa shi ba.

Abin da gari ya ce

A makon Sallar nan fim ɗin ya zaga Katsina, duk inda ka zauna zancensa ake. A teburin mai shayin unguwarmu mafi yawan samari suna bayansa. Wani abokina ya ce, "Kai mutumina, dariya ce fa kawai. Wa aka kashe? Mi aka faɗi wanda ba a faɗi a tasha kullum? Na Indiya da na Turawa da ake nunawa a gidajen kallo sun ninka wanga sau goma, amma da yake Bahaushe ne ya yi da Hausa sai a ce duniya ta tashi." Maganarsa da ƙamshin gaskiya, kuma ta daɗe tana yi mini yawo a ka.

Wani abokin namu, ɗalibin kwalejin horon malamai, shi ma ya ƙi fim ɗin, amma hujjarsa daban. Cewa ya yi an cuce shi kuɗin haya. "Na farko sai da suka zauna suka yi tunani kafin su ba ni dariya. Wanga kuwa lalaci ne tsagwaronsa. Ko yaro ya ɗura ashar a tsakiyar kasuwa sai an juyo an yi dariya, ina gwaninta a nan? Cire batsar ka gani, mi ya rage? Ko labarin da za ka ba wani babu."

A zaure kuwa, inda Baba da Kawu da abokansu ke zama bayan la'asar, baki ya zo ɗaya: 'yan fim sun gama da tarbiyya, a hana sana'ar baki ɗaya kowa ya huta. Kawu ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, na san ba da gangan ka yi ba. Amma daga yau ka riƙa sanin abin da kake shigowa da shi cikin iyali. In wuta ta kama rumbu, ba a tsayawa tambayar niyyar wanda ya kawo ta."

Bayan kwana biyu na sami Inna tana tankaɗe, na durƙusa na ba ta haƙuri. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, hannunta bai bar rariya ba, "Mu ma mun san irin wannan magana. A gidan biki in mata suka kifa ƙwarya, abin da ake faɗi ya fi haka. Amma ka taɓa jin an yi shi gaban ubanka? Zancen ɗaki ne aka fito da shi tsakar gida. Kowace magana da wurin zamanta."

Ra'ayi na ƙarshe, wanda ya fi tsaya mini a rai, daga mai shagon haya ya fito. Da na mai da faifan na zazzage masa ƙorafi. Dattijo ne mai sanyin hali. Ya bari na gama, ya jawo littafin da yake rubuta masu haya ya buɗe mini. Shafi biyu cur, duk masu jiran faifan da ke hannuna ne. Ya ce, "Ɗan makaranta, zauna ka ji. Lokacin da na farko ya fito, duk wanda ya dawo mani da shi labarin wurin mai abincin nan yake ba ni. Wasu su ce in nemo masu wani mai irin wurin, wanda ya fi shi zafi. In na je Kano sari, 'yan kasuwa su tambaye ni mi ke tafiya a Katsina, in faɗa masu. Na Gusau ya faɗa, na Maraɗi ya faɗa, su kuma su kai wa furodusa. To wa ya rubuta na biyun? Ku ne. Kuma cikin masu zaginsa da rana, akwai masu aiko mani yaro da dare."

Na fito shagon jikina a sanyaye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mu kuwa har saƙo muka aika a ƙara mata huji.

Kowace magana da wurin zamanta

Sai da na girma na gane cewa maganar Inna ita ce amsar tambayar abokina na teburin mai shayi. Bahaushe ya daɗe da sanin wasa mai yaji. 'Yan gambara sun yi zamani suna bin kasuwanni, wannan ya jefa wancan ya cafe, kowa ya san bakinsu ba linzami. Sai dai kiɗan gambara daga nesa ake jiyo shi. Wanda ke tafe da surukinsa ko da 'yarsa sai ya sauya layi, wanda ke so ya matsa ya ba da kwabonsa. Amada kiɗan mata ne, a cikin gida, ranar biki ko suna, maza na can zaure. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da waƙoƙin da ke taɓo kishi da zaman aure da jikin mace ba ɓoye-ɓoye, amma asalin fagenta taron mata ne, inda babu wadda za ta sunkuyar da kai don wata. Alhaji Mamman Shata ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999, yana da waƙoƙin zambo irin su Gagarabadau waɗanda ba a kowane wuri ake kunna su ba, kuma masoyansa sun san haka. Kaset ɗin da ake sawa cikin abokai daban, wanda ake sawa in dattijo na kusa daban.

Haka wasan taubasai yake, da na jika da kaka, da wanda ke tsakaninmu Katsinawa da Nufawa ko Haɗejawa. An yarda ka yaɓa wa abokin wasanka maganar da in ka faɗa wa wani sai an kai ku gaban mai unguwa. 'Yan kama su kwaikwayi malami ko makaɗi, su juya komai ya koma zancen tuwo da miya. Yaran tashe, daga goma ga azumi, su bi gida-gida suna tsokanar gwauro. Duk waɗannan al'ada ta kewaye su da shinge. Ta faɗi wanda zai yi, da wanda za a yi da shi, da wuri, da lokaci.

Akwatin talabijin da na'urar bidiyo su suka tsallake shingen nan. Sun tara uba da 'yarsa, suruki da surukarsa, malami da almajirinsa a kan tabarma ɗaya suna fuskantar wuri ɗaya, kuma babu wani kiɗa da zai yi musu gargaɗi daga nesa. Duk da haka fim ɗin Indiya bai yi mana zafin da na Hausa ya yi ba. A wancan lokaci ba a fara juya finafinan Indiya zuwa Hausa ba, baƙo ne mai baƙon harshe, yaro ba zai kwana da kalmarsa a baki ba. Na Hausa kuwa da muryar maƙwabcinka yake magana, cikin riga irin taka, a tsakar gida irin taka. Kunyar nan da addini ya lissafa cikin rassan imani, ita ce igiyar da ke riƙe da gidan da mutum ashirin ke ci daga tukunya ɗaya. In ta tsinke a dare ɗaya, da safe gaisuwa ma nauyi take yi.

'Yan wasan talabijin na farko sun fahimci wannan sarai. Su Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Jos, sun shekara da shekaru suna sa Arewa dariya, kuma ba a korar yara in sun fito. Mu a Katsina muna da namu abin misali. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya rubuta wasan kwaikwayon Kulɓa Na Ɓarna, aka buga shi a Zariya a 1979, daga baya Brendan Shehu ya mai da shi fim a 1992. Jigonsa mai nauyi ne: yadda mai kuɗi ke yaudarar 'yar makaranta ya ɓata mata rayuwa. Da wuya a sami jigon da ya fi wannan kusa da zancen ɗaki. Duk da haka an karanta littafin a makarantu, malami na tsaye gaban allo, ɗalibai maza da mata na zaune, kowa ya gane abin da ya faru ba tare da an tuɓe wa magana riga ba. Wannan ita ce gwanintar da abokina ɗalibi ya nema ya rasa.

Kasuwa da almakashi

Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, a hannun kasuwa sana'ar fim ɗin Hausa ta girma. Kuɗin kaset ɗin jiya shi ke yin fim ɗin gobe, kuma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da na Bata suna da babbar murya a kan abin da zai fito. Raba fim gida biyu, na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu, hanya ce ta cin kasuwa sau biyu da labari ɗaya. Camama kuwa ita ce mafi arha. 'Yan kwanaki ne a wani ƙauye kusa da Kano, ba manyan motoci, ba gidajen alfarma, sau da yawa ma ba cikakken rubutaccen labari, ɗan wasa ne ke ƙirƙiro magana a gaban kyamara. Wanda ke aiki cikin irin wannan gaggawa, da an ce masa ga abin da ya ja kasuwa, shi zai ninka.

Sarkin wannan fage shi ne marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan ta jihar Kano, tsohon ma'aikacin gidan yari da ya ajiye kaki ya rungumi wasa. Duk wanda ya kalle shi ya san baiwarsa tana cikin fuska da murya da iya ɗauko halin mutane, daga ɗan sanda zuwa direba, har mawaƙin Kwango a fim ɗin Ibro Awilo. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, kuma har yau ana jin giɓinsa. Shi ma guguwar wancan zamani ba ta ƙyale shi ba. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007, bayan wani bidiyon tsiraici na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabanci hukumar, aka tsaurara matakai. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango a kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. A Oktoban 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu, kuma cikin tuhumar har da rawar da aka ce ta saɓa wa tarbiyya a fim ɗin Ibro Aloko. Jama'a suka rabu a kan hukuncin, wasu suka yaba, da yawa kuma suka ga an wuce gona da iri. 'Yan fim da dama suka tattara kayan aikinsu suka koma Kaduna.

Abin da na gani da idona a Katsina a lokacin shi ne, duk fim ɗin da aka ce an kama wani a kansa, shi ake rububi a shagon haya. Wanda bai taɓa jin sunansa ba ma sai ya zo tambaya. Ina ganin amfanin tacewa, domin al'umma na da haƙƙin sa ido a kan abin da ake sayar wa 'ya'yanta. Ɗan fim ma ba zai wanke hannunsa ya ce kasuwa ce ta sa shi ba, domin shi ya tsaya gaban kyamara, kuma bakinsa ne ya furta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Almakashin hukuma reshe yake datsewa, saiwar tana nan cikin littafin dattijon nan mai shago.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka, fim ɗin barkwanci The Hangover na 2009 ya tara sama da dala miliyan 460 a faɗin duniya. Na biyunsa, a 2011, ya maimaita labarin kusan sak, ya ƙara ƙazanta. Masu sharhi suka yi masa ca, amma ya tara sama da dala miliyan 580. Na uku, a 2013, bai kai miliyan 400 ba. A Indiya, Masti na 2004 ya haifi Grand Masti a 2013, wanda aka keɓe wa manya saboda batsarsa, jaridu suka yi kaca-kaca da shi, amma ya tara sama da rupi biliyan 1. Na ukunsu da ya fito a 2016 ya faɗi warwas. Na farko ke zuwa da sabon abu, na biyu ya ci albarkacinsa ya ninka yaji, na uku ya tarar mutane sun ƙoshi. Batsa rijiya ce marar zurfi, guga biyu sai laka. Bambancinmu da su shi ne can akwai ƙa'idar shekaru a ƙofar silima. Faifanmu kuwa ba shi da ƙofa, duk wanda ke tsakar gida ɗan kallo ne.

Littafin mai shago ya koma cikin waya

Shagon nan na kusa da Ƙofar Ƙwaya ya daɗe da zama wurin cajin waya. Faifai ya kwanta dama, amma littafin bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa YouTube da TikTok da Facebook. Yanzu ba sai dattijo ya hau mota zuwa Kano ya kai rahoto ba. Mai shirya fim yana kwance a ɗakinsa yake ganin mutum nawa suka kalla, a wane minti suka tsaya, wane wuri suka maimaita, a ina suka gaji suka fita. Na'urar da ke wannan ƙidaya ba ta san bambancin wanda ya kalla don nishaɗi da wanda ya kalla don ya yi tir ba. Wanda ya tura wa mutum hamsin wani guntun bidiyo, ya rubuta salati da Allah wadai a ƙarƙashinsa, ya yi wa mai bidiyon tallar da bai biya ko sisi ba. Gobe in zango na biyu ya fito ya fi na farko muni, da hannunsa a ciki.

Wani abin da ya fi damuna shi ne tabarmar tsakar gidan nan ta naɗe. A daren da nake ba da labari, kunyar juna ce ta kashe fim ɗin. Gyaran muryar Kawu da mayafin amarya sun yi aikin da babu hukumar da za ta iya yi. Yau kowa da allonsa a tafin hannu, da abin ji a kunne, cikin bargo. Yaron da ya ji kalmar da bai gane ba, ba Baba zai tambaya ba, wayar zai tambaya, ita kuma ba ta san kawaici ba.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, domin 'yan kallon nan da suka rubuta mummunan kashi na biyu su ne kuma ke rubuta kyakkyawa. Dubi Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi da tashar Arewa24 ta nuna: tsoho mai dukiya, da tarin 'ya'yan da ya tara daga aure-aure, kowa na harin abin hannunsa. Dariyar daga halin mutane take fitowa, daga kwaɗayi da rowa da wauta da muka sani a danginmu. Jama'a suka karɓe shi, ya yi zango bayan zango. Wannan shaida ce cewa kasuwar dariya mai tsabta tana nan da ranta, in an sami wanda zai zauna ya yi tunani, aka kuma sami masu saka masa da kallo.

Saboda haka ga abin da na ɗauka daga Sallar 2006, kuma nake roƙon mai karatu ya ɗauka. Ra'ayin ɗan kallo na gaskiya shi ne abin da ya ba kuɗinsa da lokacinsa, domin shi kaɗai ke isa kunnen mai shirya fim. Tsinuwar majalisa a majalisa take kwana. In abu ya ɓata maka rai, hukunci mafi zafi da za ka yi masa shi ne ka rufe shi, kada ka tura wa kowa, kada ka nemi na biyunsa. In kuma wani ya ba ka dariya ba tare da ya sa ka sunkuyar da kai gaban 'yarka ba, to ka yaba masa a fili, ka kira iyalinka ku kalla tare, ka gaya wa maƙwabci. Laifi tudu ne, mun daɗe muna taka namu muna hango na 'yan fim.

Ga iyaye, shawarar Kawu ba ta tsufa ba: ka san abin da ke shigowa gidanka. Sunan da ka amince da shi a kashi na farko ba ya lamunce maka na biyu. Ni yanzu duk shirin da za a kalla a gidana sai na riga kowa leƙa shi, kuma na fi son a kalla a falo gaba ɗaya a kan kowa ya shige ɗaki da waya, domin idon juna ma tarbiyya ne. Ga ƙannena masu shirya barkwanci kuwa, Allah Ya ba ku baiwar da ba kowa Ya ba ba. Sa mutumin da ya wuni cikin rana da bashi da tsadar hatsi ya yi dariya sadaka ce. Hausa na da habaici da shaguɓe da gugar zana da zaurance, kayan aikin da za ku faɗi komai da su babba ya gane, yaro ya wuce lafiya. Ku riƙa tuna cewa abin da kuka ɗauka cikin raha tsakanin abokai a wurin aiki, a gaban surukin wani za a kunna shi.

Ranar da na mai da faifan nan, bayan duk ƙorafin da na yi, sai da na zaro kuɗin hayar kwana biyu na biya, dattijon ya rubuta a littafinsa, ya miƙa faifan ga wanda ke bi mini a layi. A lissafin da ya tafi Kano a wancan mako, ni ma ina cikin waɗanda suka so fim ɗin, kuma babu wani shafi da aka rubuta shirun da tsakar gidanmu ta yi. Tun daga ranar, duk lokacin da hannuna ya kai ga wani kallo, nakan tambayi kaina ko ina so a yi na biyunsa.

Inna ta tsufa yanzu. In jikokinta sun kewaye ta da Sallah, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, takan ce a ajiye, a kunna babban allo kowa ya gani, in abin kirki ne ita ma ta samu. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya ba mu dariyar da ba za mu ji kunyarta ba, Ya sa mu dace.